Layin da ke tsakanin mai fili da rusau a Abuja

Ma'aikacin da ya yi shekaru yana tara kuɗi har ya sayi fili a Abuja yakan nemi lambar fulotinsa a taswira, ya kau da kai daga siraran layukan da suka ratsa gefensa. Alhali su ne ke nuna ko gidansa zai tsaya ko katafila za ta ziyarce shi.

Tun daga babban tsarin birnin na 1979, kowane layi da ma'anarsa: wani iyakar fili ne, wani bututun ruwan madatsar Usuma, wani magudanar ƙazanta mai gangarawa Wupa. Da aka kafa hukumar AGIS a 2003, zamanin minista Nasir el-Rufai, bayanan filaye suka fara komawa kwamfuta, aikin alƙalami ya zama rubutaccen umarni.

A manhajar AutoCAD, mai zane yakan ƙirƙiri layinsa da 'yan lambobi. Lamba zalla tana jan layi, mai alamar ragi tana barin giɓi, sifiri kuma ɗigo ne. Har harafi akan saka a tsakani, domin layin ya faɗi sunansa da kansa.

Hatsarin yana wajen ma'auni. In ba a daidaita shi ba, giɓin yakan haɗe a takarda, magudana ta fito tamkar iyakar fili. Shi ya sa masu safiyo ke fara karanta jadawalin alamomin da ke gefen taswira kafin su dubi fuloti. Mai saye ma ya kamata ya fara daga nan, kafin ya biya.