Hukuncin Riƙe Bindigar Farauta Ba Tare da Lasin Ba: Matsayin Manomin Ƙasar Sheme

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana hukuncin da doka ta tanadar wa mutumin da aka kama da bindigar farauta, mai baki ɗaya ko mai baki biyu, alhali kuwa ba shi da lasin, ko kuma lasin nasa ya mutu. Na ɗauki Sheme da kewayenta, watau Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, domin a nan ne maganar ta fi shafar talaka. Bayan sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, Gwamna Aminu Bello Masari ya fito fili a 2021 ya ce jama'a su nemi makami su kare kansu. To, amma maganar makamai tana hannun Gwamnatin Tarayya ne kaɗai, saboda haka furucin gwamna ba ya zama hujja a gaban alƙali.

Tushen al'amarin shi ne Dokar Bindigogi ta 1959, wadda aka kafa tun kafin samun mulkin kai. Ta kasa bindigogi gida uku. Na farko su ne irin na yaƙi, waɗanda ba mai ba da izininsu sai Shugaban Ƙasa, kuma ɗaurin wanda ya riƙe su ba ya gaza shekara 10. Bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ita ce a ƙasa. Lasin nata yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Bindigar da muke magana a kanta tana tsakiya: Sufeto Janar ne ke ba da lasin, ɗaurin kuwa ba ya wuce shekara 5. A lura da kalmar "ba ya wuce", domin ta bar wa alƙali fili ya duba mutumin da ke gabansa. Yana iya bambanta wanda ya yi sakaci bai sabunta takardarsa ba da wanda bai taɓa neman ta ba, ya kuma bambanta su duka biyun da wanda aka kama a bakin daji da jakar harsashi.

Sai dai a 1984 gwamnatin soja ta kafa wata doka ta musamman a kan fashi da makami. Sashe na 3 nata ya ce duk wanda ya riƙe bindiga saɓanin dokar 1959, hukuncinsa tarar Naira 20,000 ne, ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko kuwa a haɗa masa duka biyun. Ke nan laifi ɗaya ya sami ma'auni biyu, kuma mai gabatar da ƙara ne ke zaɓen wanda za a auna mutum da shi tun kafin alƙali ya buɗe baki.

A nan ne, a ganina, gizo ke saƙa. A 1984 Naira 20,000 dukiya ce da ƙaramin ma'aikaci zai yi shekaru bai tara ba, shi ya sa aka jera ta da ɗaurin shekara 10. Yau ba ta sayen ko akuya ta kirki. Alƙalin da aka kawo wa manomin Sheme a ƙarƙashin wannan sashe ba shi da tsaka-tsaki: ko ya ci shi tarar da ba ta tsorata kowa, ko ya raba shi da gonarsa da iyalinsa damina goma. Ɗaurin wata shida ko shekara ɗaya, wanda dokar 1959 ta yarje masa, a nan an rufe ƙofarsa, ko da kuwa shaidu sun tabbatar cewa bindigar ta gado ce, ba a kuma taɓa harbin kome da ita ba sai zabi da gada.