Lakar bakin teku na faɗin inda ruwa ya tsaya shekaru 2,500 da suka wuce

A birnin Atlantic City na jihar New Jersey, a gabashin Amurka, akwai na'urar da ke auna tsayin ruwan teku tun 1911. Abin da ta nuna shi ne ruwan na hawa da kusan milimita 4 kowace shekara. Sai dai shekara ɗari ba ta isa a gane ko wannan hawan sabon abu ne ko kuwa halin teku ne tun fil'azal. Ga mutanen wannan gaɓar, waɗanda guguwar Sandy ta cika wa gidaje da ruwa a watan Oktoba na 2012, tambayar ba ta wasa ba ce.

Amsar sai da masu bincike suka tono ta daga lakar fadamun gishiri da ke bayan gaɓar.

Dabarar ta dogara ne kan bambancin da ke tsakanin tsirrai. Gero, dawa da masara suna cikin rukunin da masana ke kira C4, su kuwa wake, shinkafa da alkama ƴan rukunin C3 ne. Rukunan biyu ba sa shaƙar iskar kabon iri ɗaya: na farko yana tara wani nau'i mai ɗan nauyi, kabon 13, fiye da na biyu. Ko tsiro ya mutu ya ruɓe, wannan alamar tana nan cikin ƙasa.

A New Jersey an yi dace. Ciyawar Spartina, wadda ke fitowa inda ruwan gishiri ke malalowa idan teku ta ciko, ƴar C4 ce. Tsirran da ke can sama, inda cikowar ba ta cika kaiwa ba, galibi C3 ne. Don haka idan aka kafa bututu aka zaro laka mai tsawon mita da yawa, kowane sashe na nuna ko wurin yana ƙarƙashin iyakar cikowar teku ko samanta lokacin da lakar ta kwanta. Shekarun sashen kuma ana gano su ta kabon 14 da ke cikin guntayen ganye da saiwa.

Andrew Kemp da Benjamin Horton da abokan aikinsu sun haɗa wannan awo da na wasu ƙananan halittu masu ɓawo, foraminifera, suka fitar da sakamako a 2013. Bayan sun cire nutsewar da ita kanta ƙasar yankin ke yi, sun tarar teku ta yi ƙarnuka tana ɗan hawa tana ɗan sauka, bai kai milimita ɗaya a shekara ba. Daga wajajen 1850 sai ta koma milimita 3.1, saurin da ba a taɓa gani ba cikin shekaru 2,500.

Dabarar dai ba ta ci ko'ina haka. A yawancin fadamun Turai, da dazuzzukan mangwarob irin na gaɓar Najeriya, tsirran bakin ruwa da na tudu duk C3 ne, alamar sai ta dusashe. Nan masana kan ƙara da auna yawan kabon a kan nitrojin, domin gansakukar teku ta fi ganyen tudu nitrojin nesa ba kusa ba.