Kwana Nawa Tsakanin Feshi da Tsinka?

A Kasuwar Tarauni ko a teburan masu kayan miya na Gyadi-Gyadi, hannun uwargida kan tafi ne kan tumatir mai sheƙi da kabejin da ƙwaro bai taɓa ba. Da yawa daga kayan nan daga gonakin rani na Kadawa, Kura da Garun Malam suke fitowa, inda ruwan madatsar Tiga ke ratsawa. A 2016 tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye musu tumatir, kuma wanda ya ga wannan asara da idonsa ba ya wasa da feshi.

Kowane maganin ƙwari yana da kwanakin da ake jira bayan feshi kafin a tsinki amfanin gona, domin rana da iska su karya ƙarfin gubar. A nan gizo ke saƙar. Manomin da motar dillali ke jiransa gobe, tumatir kuma ya nuna, da wuya ya ƙirga kwanaki. Ban ɗora masa laifin shi kaɗai ba. Gargaɗin da Turanci yake a jikin kwalba, malamin gona kuwa sai an dace.

Mun riga mun ga sakamakon irin wannan sakaci. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos, wanda shi ne a cikin maganin ƙwarin nan Sniper. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa. Waken da Turai ta ƙi, irinsa muke dafawa.

To, yaushe ya dace a ƙara kuɗi a sayi kayan gonar da aka noma ba magani? Ni dai kan abin da ake ci ɗanye da fatarsa zan ƙara: latas, kabeji, kokwamba, tumatirin kwaɗo, musamman a gidan da ke da yara ko mai juna biyu. Ayaba, lemo, kankana da albasa, ɓawonsu ya ɗauke kaso mai yawa. Sai dai a kula, wanda ya ce da takin gida ya yi noma bai ce bai yi feshi ba.

A cire ganyen kabeji na waje, a cuɗa sauran kayan ana kwarara musu ruwa mai tsabta. Wannan na rage na saman fata, amma maganin da shuka ta tsotsa ya shige cikin tsoka, wanki ba ya fitar da shi. Shi ya sa nake son ganin latas da alayyafo a buhunan ƙasa a tsakar gidajen Tarauni, kusa da zogalen da dama can ba ma yi masa feshi.