Ɗan Waƙafin Da Ke Hana Cike Fom A Intanet

A shagunan kwamfuta na Ƙofar Marke da sauran unguwannin birnin Sakkwato, akan sami ɗalibi ya biya kuɗi don cike fom na makaranta ko na neman aiki, amma da zarar an aika sai shafi ya ƙi karɓa. Sau da yawa laifin ba na mai shago ba ne, yana cikin yadda aka tsara shafin.

Bayanan da mutum ya cike suna tafiya ne zuwa rumbun bayanai ta hanyar wani harshe da ake kira SQL, wanda Donald Chamberlin da Raymond Boyce na kamfanin IBM suka gabatar a 1974. A ƙa'idar wannan harshe, ɗan waƙafin sama shi ne alamar buɗe magana da rufe ta. To, ga shi sunayenmu da dama suna ɗauke da shi: Mu'azu, Sa'adatu, A'isha, Shu'aibu. Idan mai tsara shafi ya liƙa sunan kai tsaye cikin umurni, sai rumbun ya ɗauka magana ta ƙare a kan "Mu", ya rasa yadda zai yi da "azu". Daga nan MySQL ke fitar da kuskure mai lamba 1064. Mutanen Ayalan masu suna O'Brien sun daɗe da wannan matsala.

Wasu masu shago kan share waƙafin don fom ya wuce. Wannan dabara tana da haɗari, domin suna zai iya saɓa wa abin da ke kan takardar shaida. Gyara na gaskiya yana hannun mai tsara shafi: ya aika umurni daban da gurabe a buɗe, sa'an nan ya aika sunan daban. Harshen PHP ya tanadi wannan hanya ta PDO tun 2005.

Ƙofar da waƙafi ya bi ita ce ɓarayi ke bi. Ta nan aka shiga rumbun kamfanin TalkTalk na Ingila a 2015, aka taɓa bayanan mutum wajen 157,000, hukuma kuma ta ci shi tarar fam 400,000 a 2016. Saboda haka ya kamata duk ma'aikatar da ta ba da aikin tsara shafi ta gwada shi da sunan Mu'azu kafin ta biya.