Yaushe Igiyar Lilo Ke Saki?

A duk inda yara suka ɗaura lilo a reshen bishiya, ba a rasa wanda ba ya gamsuwa sai ya ga ƙafafunsa sun wuce tsayin reshen. Da zarar ya wuce, sai igiyar da take miƙe tsaf ta yi sako-sako, yaron ya faɗo kaɗan a iska, sannan ta fizge shi da ƙarfi. Wannan sakin yana da ƙa'ida, kuma masana kimiyyar fiziks suna iya faɗin daidai inda zai faru tun kafin a tura lilon.

Tushen maganar shi ne igiya ja kawai ta iya, ba ta iya turi. Duk abin da ke gudu kuwa miƙewa yake son yi, ba ya bin da'ira sai akwai ƙarfin da ke jan sa zuwa tsakiya. Christiaan Huygens, masanin ƙasar Holan da ya ƙera agogo mai lilo a shekarar 1656, shi ya wallafa ƙa'idar wannan ƙarfi a 1673: idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin da ake buƙata yakan ninka huɗu.

A ɗaura dutse a bakin zare a lila shi. Muddin dutsen yana ƙasa da inda aka ɗaura zaren, nauyinsa na jan sa nesa da tsakiyar da'ira, don haka zaren ke ɗauke da aiki biyu, riƙe nauyi da kuma lanƙwasa hanyar dutsen. A nan ba zai taɓa saki ba. Amma da dutsen ya haura saman maɗaurin, sai lamarin ya juya. Yanzu wani kaso na nauyinsa yana jan sa zuwa tsakiya, wato yana taya zaren aiki. Yana ƙara hawa, wannan kaso na ƙaruwa, gudunsa kuma na raguwa. Akwai wurin da nauyi shi kaɗai ya ishi dutsen bin da'ira, zaren ya rasa abin da zai ja. Daga nan nauyi ya fi abin da ake buƙata, sai dutsen ya bar da'irar ya faɗo ta cikinta, ya bi lanƙwasasshiyar hanyar da duk abin da aka jefa sama yake bi.

Lissafi ya fayyace iyakokin. Idan tsawon zaren mita 1 ne, kuma gudun dutsen a ƙasan da'ira bai wuce kimanin mita 4.4 a daƙiƙa ba, ba zai haura maɗaurin ba, zai yi ta kai da komo zaren na miƙe. Idan gudun ya kai mita 7 a daƙiƙa, zai zagaya gaba ɗaya, ya ratsa ƙololuwa da gudun mita 3.1 a daƙiƙa, zaren bai saki ba. Tsakanin 4.4 da 7 ne sakin yake. Nauyin dutsen bai canza waɗannan alƙaluma ko kaɗan: tsakuwa da ƙaton dutse a wuri ɗaya za su saki zare idan gudunsu ɗaya.

Abin da ya fi ruɗa ɗalibai shi ne, gudun da ya isa ya ɗaga dutse zuwa tsayin ƙololuwa bai isa ya zagaya da shi ba. Mita 6.3 a daƙiƙa ya isa hawan, amma zaren zai saki tun dutsen na digiri 42 sama da maɗauri. Da sandar ƙarfe ce a madadin zaren, da ya kai, domin sanda na iya tokare shi. Shi ya sa a ƙasar Estoniya, inda ake gasar lilo mai suna kiiking, wadda ɗan wasa ke ƙoƙarin zagaya sama gaba ɗaya, da dogayen sandunan ƙarfe ake haɗa lilon, kuma a ɗaure ƙafafun mai wasan.

Haɗarin yana zuwa ne bayan sakin. Abin da ya faɗo yana ta ƙara gudu har igiya ta sake miƙewa, sai ta tsayar da wani ɓangare na gudun nan take. Wannan fizga na iya ninka nauyinsa sau da yawa, kuma a irin wannan lokaci ne tsohuwar igiya ke tsinkewa, ƙulli ya kwance, ko hannun yaro ya kuɓuce. Ko ba saki ma, lilon da ya sauko daga daidai tsayin reshe yana ɗora wa igiya ninki uku na nauyin mai hawa idan ya iso ƙasa. Yaro mai kilo 30, igiyarsa na jin kamar kilo 90.

Don haka iyaye da malamai masu ɗaura wa yara lilo su gwada igiya da reshe da nauyin da ya zarce na yaron sau uku, su kuma hana a tura kowa ya wuce tsayin maɗauri.