Ƙa'idojin Shigar Manyan Motocin Kaya Cikin Birane: Misalin Landan da Ikko

Gabatarwa

Babu wani babban birni a duniya da ke ciyar da kansa. Hatsin da ake tuƙawa, da sumuntin gini, da man fetur, da maganin asibiti, duk daga waje ake shigo da su, kuma akasarinsu a bayan manyan motoci suke zuwa. To amma motar nan da birni ba ya iya kwana biyu ba tare da ita ba, ita ce kuma ke fasa masa titi, ta tare masa hanya, ta hana mazaunansa barci, wani lokaci ma ta hallaka su. Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba yadda hukumomi ke sasanta waɗannan al'amura biyu, ta hanyar ƙayyade wa motocin kaya abubuwa uku, watau hanya, da lokaci, da takardar izni. Za a ɗauki misali daga birane biyu, Landan ta ƙasar Ingila da Ikko ta Nijeriya.

Dalilin kafa doka

Tambayar da ta kamata a fara amsawa ita ce, me ya sa ake ware tirela da tanka a yi musu doka ta daban? Amsar tana cikin nauyi. Tsakanin shekarar 1958 da 1960, injiniyoyi a Amurka sun shimfiɗa titunan gwaji kusa da garin Ottawa a jihar Illinois, suka yi ta bi da motoci masu nauyi iri-iri a kansu, suna auna lalacewarsu. Abin da aka fahimta shi ne, ɓarnar titi tana haurawa fiye da yadda nauyi ke haurawa nesa ba kusa ba. Idan aka ninka nauyin da ke kan layin tayoyi ɗaya sau biyu, ɓarnar takan ninku kimanin sau 16. A bisa wannan lissafi, layin tayoyi mai ɗauke da tan 10 yana cin titi kamar wucewar layi mai tan 1 har sau 10,000. Saboda haka titin unguwa da aka yi domin ƙananan motoci ba ya daɗewa in tireloli suka mayar da shi hanyarsu, kuma daga baitulmali za a fitar da kuɗin gyaransa.

Bayan nauyi akwai tsawo, da ƙara, da hayaƙi, da kuma wuraren da direba ba ya gani daga mazauninsa. Kowane birni yakan dubi wadda ta fi damunsa cikin waɗannan, ya gina dokarsa a kanta.

Landan: hani da dare

Abin da ya fi damun mutanen Landan shi ne ƙarar manyan motoci a lokacin barci. A shekarar 1985 majalisar birnin ta kafa doka wadda har yanzu ake aiki da ita. Motar kaya da nauyinta ya wuce tan 18 ba ta da damar bin titunan unguwanni daga ƙarfe 9 na dare zuwa 7 na safe a ranakun aiki, haka kuma daga ƙarfe 1 na rana ran Asabar har zuwa 7 na safiyar Litinin.

Sai dai hanin bai rufe birnin baki ɗaya ba. An ware waɗansu manyan tituna da tirela za ta iya bi dare da rana ba tare da neman izni ba. Wanda kuwa ya zama dole ya kai kaya cikin unguwa a lokacin hani, sai ya nemi izni tun da wuri, kuma ba a biyan kuɗi a kansa. Sharaɗinsa shi ne direba ya bi manyan titunan nan iyakar iyawarsa, kada ya ratse sai ya zo daidai inda ya fi kusa da wurin sauke kaya, ko da hakan zai ƙara masa nisan tafiya.

Har wa yau, tun watan Maris na 2021 ake tilasta wa duk motar da ta wuce tan 12 mallakar wani izni na biyu, wanda ya shafi kare rayuka. Ana ba kowace mota maki daga sifiri zuwa 5, gwargwadon yadda direbanta ke hangen mai tafiya a ƙasa ko mai keke ta gilashi. Daga Oktoba 2024, wadda makinta bai kai 3 ba sai an maƙala mata na'urorin gani da na gargaɗi kafin a ba ta izni.

Ikko: hani da rana

A Ikko kuwa cunkoso da haɗari ne suka fi tsanani, don haka aka juya lokacin. Dokar hanya ta shekarar 2012, wadda Gwamna Babatunde Fashola ya sa wa hannu, ta hana tireloli yawo cikin birnin daga ƙarfe 6 na safe zuwa 9 na dare, ban da tankokin mai da dogayen motocin fasinja. Watau awa 9 kacal aka bar musu cikin 24.

A nan ne matsalar ta bayyana. Tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can suna cikin birnin ne, kuma motar da aka hana ta tafiya tilas ta sami inda za ta tsaya. Da yake wuraren ajiye motoci ba su wadata ba, sai tituna da gadoji suka zama garejinsu. Wajejen 2017 zuwa 2019 layin tireloli yakan miƙe daga Apapa, ya bi ta Ijora, har ya haura gadar Eko, direba ya yi makonni yana kwana a gindin motarsa. An gudu ba a tsira ba ke nan. A watan Fabrairu na 2021 Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Nijeriya ta ɓullo da tsarin Eto, kalmar Yarbanci mai ma'anar shiri, inda mai mota zai yi rajista ta intanet, ya jira a wurin da aka amince da shi, kada ya doshi tasha sai an kira shi. Haɗarin kuwa bai gushe ba, domin a Janairu 2023 kwantena ta faɗo kan motar fasinja a Ojuelegba, mutum 9 suka rasu.

Wannan al'amari ya shafi Arewa kai tsaye. Tumatir da albasa da tattasai da ke sauka a kasuwar Mile 12, da shanun da ake kai wa mahautar Agege, sukan yi tafiyar kimanin kilomita 1,000 daga Kano. Motar sumunti tana iya jiran dare ba ta yi asara ba, amma kwandon tumatir da ya wuni a rana a bakin gari ya riga ya rage daraja, asarar kuma takan koma kan manomi da mai saye.

Kammalawa

Abin da misalan nan biyu ke nunawa shi ne, hani ba ya rage kayan da birni ke bukata ko da buhu ɗaya. Iyakarsa ya matsar da motar zuwa wani titi ko wani lokaci. Don haka ma'aikacin da aka ɗora wa tsara irin wannan doka, a Kano ne ko Kaduna ko Damagaram, wajibi ne ya amsa tambayoyi huɗu kafin ya kafa allon hani. Wace hanya aka bar wa motar? A ina za ta jira? Wane kaya ne ba ya jure jira? Yaya mai gaskiya zai sami izni cikin sauƙi, ba tare da ya ba kowa na goro ba?

Magabata a ƙasar Hausa sun san wannan tun zamanin fatauci. Ayari ba ya kutsawa cikin gari da jakunansa kai tsaye, sai ya sauka a zango, inda akwai ruwa da wurin ɗaure dabbobi, sa'an nan a shiga da kaya kasuwa. Tirela ita ce ayarin wannan zamani, kuma duk birnin da zai tsayar da ita a bakin ƙofa, to, ya fara tanadar mata zango.