Gashi na biyu: lissafin da ke jiran mai ciwon daji daga Damana

Duk wanda aka ce masa sai an gasa ciwon dajinsa da haske, daga Damana ko Filinge ko wani ƙauyen Kurfai, hanyarsa ɗaya ce: ya bi ta Baleyara ya sauka Yamai. A can Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa take, inda a 2021 aka buɗe sashen gashi na farko a Nijar, da injin kobalt, bisa tallafin Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. Kafin nan, mai hali ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa ne ke ƙetarawa Maroko ko Tunisiya. Sai dai ciwo yakan dawo, wani lokaci a gurbinsa na da. A nan likita zai yi tambayar da yawancin majinyata ba su da amsarta: haske nawa aka ba ka a karon farko, kuma a ina?

Ana auna hasken da ma'aunin da ake kira gire, sunan wani masani ɗan Ingila, Louis Harold Gray. A al'ada gire 2 ake bayarwa a rana, kwana biyar a mako. Hasken ba ya tsallake lafiyayyen nama, yana iya ratsa hanji ko mafitsara ko lakar gadon baya kafin ya isa ga ƙarin, kuma kowane sashe da iyakarsa. Ta laka, likitoci suna tsayar da ita tsakanin gire 45 zuwa 50, domin idan ta ƙone ƙafafu na iya shanyewa har abada.

To, ba a haɗa na da da na yanzu kamar kuɗi. Jakin da ya kwashe buhu goma ɗaya bayan ɗaya ba daidai yake da wanda aka labta wa biyar a tashi guda ba. Haka laka take, girman kason kowace rana ya fi damunta. Shi ya sa ake mayar da kowane gashi zuwa awo guda, wato abin da zai zama da a ce gire bibbiyu aka bayar. Ga yadda ake yi wa laka: a ƙara 2 a kan kason yini, a raba da 4, a ninka da jimillar. Wanda aka ba gire 30 a zama 10 saboda ciwon ƙashin baya, lakarsa ta sha 37.5. Wanda aka ba gire 8 a zama ɗaya tak, don a rage masa zirga-zirga da zaman Yamai, a takarda ya sha kaɗan, amma a lakarsa 20 ne.

Sai kuma lokaci. A asibitin MD Anderson na Amurka, Kian Ang da abokan aikinsa sun gwada a kan birai, suka wallafa a 2001 cewa laka tana farfaɗowa daga kaso mai yawa na raunin ɓoye cikin shekarar farko. Carsten Nieder da tawagarsa sun tattara bayanan mutanen da aka gasa sau biyu, suka ga hatsarin ya yi ƙasa idan an bar aƙalla wata 6 tsakani, jimillar kuma ba ta haura kimanin 68 a wancan awo ba. Ƙoda ba ta da wannan afuwa, rauninta ci gaba yake yi a hankali. Don haka likita na iya amincewa da gashi na biyu a gadon baya, ya yi ɗari-ɗari da shi a ciki.

A ganina, inda abin ya fi tsauri ga mutanenmu shi ne takarda. Ƙa'idar lissafin tana cikin littafi, kowane masanin awon haske a Yamai ya san ta. Abin da babu a littafi shi ne bayanin gashin da aka yi wa wata baiwar Allah a ƙasar waje shekaru shida da suka wuce, ta dawo gida da ɗigon alama a fata da takardar sallama, wadda ƙila gara ta riga ta ci. Idan ba a san inda hasken farko ya faɗa ba, likita mai hankali zai ɗauka mafi muni ne ya faru, ya rage na biyu ko ya fasa, ko da majinyaciyar za ta iya ɗauka.

Saboda haka ranar sallama, ɗan rakiya ya nemi a rubuta jimillar gire, da yawan zama, da ranar farawa da ta gamawa, da sashen jikin da aka gasa. In akwai hoton tsarin gashin a faifai, a karɓa. A ɗauki hoton kowane shafi da salula, a tura wa wani ɗan'uwa a Yamai ya ajiye kwafi.